K2: dutsen kan iyakar Pakistan da Sin, da labarin ɗan dakon da aka manta

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da tambaya a kan wani dutse da ya daɗe yana yi mini kai-kawo a rai, kuma na san a nan ba za a rasa wanda ya yi karatu a kansa ba. Dutsen shi ne K2, wanda tsawonsa ya kai mita 8,611, shi ne na biyu a duniya bayan Everest, kuma yana tsaye ne a kan iyakar Pakistan da ƙasar Sin.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne sunan kansa. Manyan duwatsun duniya kowanne yana da sunan da mutanen gindinsa suka raɗa masa, ko kuwa sunan wani mutum da Turawa suka liƙa masa, amma wannan sai harafi ɗaya da lamba ɗaya, kamar lambar mota. Na biyu kuma, idan aka ce dutse yana kan iyaka, to wace ƙasa ce take da ƙololuwarsa, kuma wurin wa mai son hawa zai nemi izini?

Tambaya ta uku ita ce ainihin wadda ta sa na buɗe wannan zance. Ko'ina na duba, abin da ake rubutawa shi ne, 'yan Italiya biyu, Achille Compagnoni da Lino Lacedelli, su ne suka fara kaiwa ƙololuwar a ranar 31 ga Yuli, 1954. Amma a wani wuri na ci karo da layi guda da yake cewa wani Musulmi ɗan yankin Hunza da ke arewacin Pakistan, mai suna Amir Mahdi, ya rasa yatsun ƙafarsa a wannan tafiyar, daga nan kuma ba a ƙara cewa komai a kansa ba. Ina roƙon wanda ya san labarin ya warware mana shi daga tushe. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Safiyo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi aikin awon ƙasa shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, saboda haka bari in ɗauki tambayoyinka biyu na farko, domin dukkansu maganar masu awo ce.

A shekarar 1856 wani jami'in Birtaniya mai suna Thomas Montgomerie, wanda yake aiki da hukumar awon ƙasar Indiya, ya hau dutsen Harmukh da ke Kashmir, ya hango manyan ƙololuwa biyu na jerin tsaunukan Karakoram daga nisan kilomita kusan 210. Ya zana su a littafin aikinsa, ya sa wa ɗaya K1, ɗayar kuma K2, harafin kuwa daga sunan Karakoram ya ɗauko shi. Ƙa'idar hukumar ita ce a bi a tambayi mutanen wuri sunan da suke kiran kowane dutse, a maye gurbin lambar da shi. Aka bincika, aka gano cewa K1 ana kiransa Masherbrum. Shi kuwa K2 ba a samo masa sunan da ya tabbata ba, domin yana can ƙurya, ko daga Askole, ƙauye na ƙarshe ta ɓangaren kudu, ba a hango shi. Mutum ba ya raɗa wa abin da bai taɓa gani ba suna. An so a kira shi da sunan Henry Godwin-Austen, wani ma'aunin ƙasa da ya shiga yankin, amma ƙungiyar masana ƙasa ta Landan ba ta amince ba, sai sunan ya zauna a kan kogin ƙanƙarar da ke gindin dutsen. Akwai sunan Chogori, wanda a harshen Balti yake nufin babban dutse, kuma daga shi ne Sinawa suka samo sunan da suke amfani da shi a hukumance. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, 'yan dakon Balti da kansu sun karɓi lambar Baturen sun mayar da ita kalmar harshensu, suna cewa Ketu.

Maganar iyaka kuwa, a irin waɗannan tsaunuka ba a kafa turaku, ana bin ƙashin bayan dutse ne, wato inda ruwa yake rabuwa biyu. Ƙanƙarar da ta narke ta kudu tana bin kogin ƙanƙarar Baltoro ta faɗa kogin Braldu, daga nan Shigar, har ta isa kogin Indus na Pakistan. Wadda ta narke ta arewa tana shiga kogin Shaksgam, ta wuce Yarkand a lardin Xinjiang na Sin. Yarjejeniyar da Pakistan da Sin suka sa wa hannu a watan Maris na 1963, Zulfikar Ali Bhutto a madadin Pakistan, Chen Yi a madadin Sin, ta bi da layin ta kan ƙololuwar K2 ɗin kanta. Indiya ba ta yarda da wannan yarjejeniya ba har yau, saboda tana ɗaukar yankin gaba ɗaya a matsayin ɓangaren Kashmir. A aikace dai, wanda zai hau ta kudu wurin Pakistan yake neman izini, ya bi ta Skardu da Askole, ya yi tafiyar kusan mako guda a ƙafa kafin ya kai sansanin gindi. Wanda zai hau ta arewa wurin Sin yake nema, kuma da raƙuma masu tozo biyu ake ƙetare kogin Shaksgam da kayansa. Hanyar arewa ta fi wuya ƙwarai, sai a 1982 wata tawagar Japan ta fara kaiwa sama ta nan.

Don ka kwatanta da abin da ka sani, dutse mafi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, shi ma yana kan iyaka ne, tsakaninmu da Kamaru, kuma tsawonsa mita 2,419 ne. Sansanin da masu hawan K2 suke kafa tantunansu na farko, kafin ma a ce an fara hawa, yana wajen mita 5,000, wato ya ninka Chappal Waddi sau biyu.

Kafin 1954 an gwada sau biyar. A 1902 tawagar Oscar Eckenstein ta kai wajen mita 6,500 ta komo. A 1909 wani ɗan gidan sarautar Italiya, wanda ake kira Yariman Abruzzi, ya gwada ta wani ƙashin dutse na kudu maso gabas, bai yi nisa ba, amma wannan hanyar tasa ita ce mafi yawan mutane suke bi har gobe, kuma da sunansa ake kiranta. Amurkawa sun zo a 1938 da 1939 da 1953. A tafiyar 1939 Fritz Wiessner da Pasang Dawa Lama, ɗan ƙabilar Sherpa, sun kai kusan mita 8,370, dare ya kawo jiki, Pasang ya ƙi sakin igiya a ci gaba, suka juyo. A wannan tafiyar ce wani Ba'amurke ɗan tawagar, Dudley Wolfe, ya maƙale a sama, 'yan Sherpa uku, Pasang Kikuli da Pasang Kitar da Pintso, suka hau ceto shi, su huɗun babu wanda ya dawo. Labarin 1954 zan bar wa wanda ya fi ni saninsa.

Bakano Mai Karatu ya amsa:

Baba Safiyo, Allah ya ƙara lafiya, ka share mana fage. Malam Ɗan Zazzau, labarin da kake nema ya ɗauki Italiya shekara hamsin kafin ta yarda ta faɗe shi yadda ya faru, saboda haka kada ka yi mamaki don ka same shi a layi guda.

Shugaban tawagar 1954 shi ne Ardito Desio, farfesan ilimin duwatsu, mutum mai tsauri da yake tafiyar da jama'arsa kamar rundunar soja. Italiya ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin duniya na biyu a wulaƙance ba, don haka hawan K2 ya zama maganar mutuncin ƙasa. An ɗauki 'yan dako kusan 500 don kai kaya gindin dutsen, aka kuma zaɓi wasu kaɗan daga Hunza da za su yi dako a can sama. Amir Mahdi yana cikinsu, kuma ba baƙo ba ne a wannan aiki, domin shekara guda kafin nan, a dutsen Nanga Parbat, yana cikin waɗanda suka goyo Hermann Buhl ɗan Ostiriya zuwa ƙasa bayan sanyi ya cinye masa ƙafa. Tun a watan Yuni tawagar ta rasa mutum guda, Mario Puchoz, wanda ciwon huhu ya kashe.

A ƙarshen Yuli aka zaɓi Compagnoni da Lacedelli su kai ƙarshe, amma tukwanen iskar oksijin da za su shaƙa suna can ƙasa. Aka yi shawara cewa su biyun su hau su kafa tanti na tara a wani wuri da aka yi ittifaƙi a kansa, shi kuwa Walter Bonatti, ƙaramin tawagar mai shekara 24 kuma mafi ƙarfinsu a lokacin, ya sauka ya ɗauko tukwanen ya kawo musu. Bonatti ya nemi Mahdi ya taya shi, kuma a nan ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa masoyan Bonatti daɗi ba: daga cikin abin da aka ja ra'ayin Mahdi da shi har da nuna masa cewa mai yiwuwa shi ma ya samu damar taka ƙololuwar. Ranar 30 ga Yuli suka yi ta hawa da kaya mai nauyi a baya, wani abokinsu Erich Abram ya raka su har inda ƙarfinsa ya ƙare ya juya. Da suka isa wurin da aka yi alkawari, babu tanti. Compagnoni ya sa an matsa da shi gaba, sama da inda aka tsara, a bayan wasu duwatsu da ba a isa gare su sai an ratsa gangare mai hatsari.

Rana ta faɗi suna kira. Can sai aka haska fitila daga sama, Lacedelli ya ɗaga murya ya ce su ajiye tukwanen su sauka. Sauka cikin wannan duhu, da Mahdi wanda sanyi da ƙarancin iska suka riga suka gigita, daidai yake da faɗawa rami. Bonatti ya sa gatarinsa ya sassaƙe ɗan wurin zama a jikin ƙanƙara, suka kwana a fili a wajen mita 8,100, babu tanti, babu bargon kwana, ga guguwar dusar ƙanƙara da ta taso cikin dare. A lokacin babu wani ɗan Adam da ya taɓa kwana a fili a irin wannan tsawo. Ga tukwanen iska a gefensu, amma ba su da hanyar shaƙa, saboda abin rufe hanci da na'urar daidaita iskar suna can cikin tantin mutanen biyu. 'Yan Italiya suna sanye da takalman da aka ɗinka musamman don wannan sanyi, shi kuwa Mahdi takalmin soja ne a ƙafarsa, wanda ma ya yi masa kaɗan.

Da gari ya waye Mahdi ya fara gangarowa, Bonatti ya biyo shi. Compagnoni da Lacedelli suka sauko suka ɗauki tukwanen, suka kai ƙololuwa wajen ƙarfe shida na yamma. Bonatti ya tsira da yatsunsa. Mahdi aka yanke masa yatsun ƙafa gaba ɗaya, ya yi watanni a asibiti, bai sake hawa dutse ba har ya rasu a 1999.

Rahoton hukuma da Desio ya rubuta ya wuce ta kan wannan dare kamar ba a yi shi ba. Da jaridun Pakistan suka yi ca a kan abin da ya sami Mahdi, sai aka ga ya fi sauƙi laifin ya faɗa kan yaron tawaga maimakon gwarzon ƙasa. A 1964 wata jarida a Italiya ta buga cewa Bonatti ya so ya riga mutanen biyu kaiwa sama ne, ya shaƙe musu iska cikin dare, shi ya sa ta ƙare musu kafin su isa, sannan ya yi watsi da Mahdi. Bonatti ya kai ƙara kotu ya yi nasara, amma bai daina neman a gyara tarihin ba. A farkon shekarun 1990 wani likita ɗan Ostireliya, Robert Marshall, ya lura da wani tsohon hoto da ya nuna Compagnoni a kan ƙololuwa da abin shaƙar iska a fuskarsa, abin da ya raunana zancen cewa iskar ta ƙare tun da nisa. A 2004 Lacedelli, yana tsoho, ya fito ya amsa cewa da gangan aka matsa da tantin, don Compagnoni yana tsoron kada Bonatti ya iso da ƙarfinsa ya karɓe gurbin ɗayansu. A wannan shekarar ce ƙungiyar masu hawan dutse ta Italiya ta naɗa dattawa uku suka sake duba lamarin, kuma ta karɓi bayanin Bonatti.

Ra'ayina, wanda ba dole ne kowa ya bi ba, shi ne, ko wannan gyara da aka yi rabinsa aka yi. Shekara hamsin ana gardama a kan mutuncin Bature ɗaya da Bature ɗaya, littafi bayan littafi, alhali mutumin da ya biya kuɗin abin da naman jikinsa yana zaune a Hunza yana fama da ciyar da iyali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bonatti yana da alƙalami da lauya da jaridu, ya rayu har 2011 ya ga an wanke shi. Mahdi ya riga mu gidan gaskiya shekara biyar kafin a ce uffan.

Ɗan Zazzau ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Safiyo da Malam Bakano, yanzu na fahimci dalilin da ya sa layin ya zo a gajarce. Amma jawabin ya haifar mini da wata tambayar. Tsakanin K2 da Everest bambancin bai kai mita 250 ba, kuma Everest ne ya fi tsawo, to me ya sa ake cewa K2 ya fi kisa? Sannan mene ne yake faruwa da jikin mutum a can sama har dare ɗaya ya isa ya raba shi da yatsunsa, kuma me ya sa idan wani ya faɗi sauran ba sa iya ɗauko shi? Na tambayi wannan ne saboda hoton bidiyon da ya yi ta yawo a 2023, wanda aka ga mutane suna tsallake wani ɗan dako yana kwance a kan hanya.

Hajiya Mai Jinya ta amsa:

Ƙanena, ban taɓa hawa dutsen da ya wuce Dala ba, amma na yi shekaru ina kula da masu ciwon huhu, kuma abin da yake kashe mutane a can sama ba ya rasa nasaba da abin da muke gani a gadon asibiti.

A ƙololuwar irin waɗannan duwatsu, iskar da mutum yake samu a kowane numfashi kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta abin da yake samu a bakin teku. Jiki yana ƙoƙarin cike giɓin ta hanyar ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa masu hawa suke shafe makonni suna hawa suna saukowa kafin su tunkari sama. Amma wannan dabara tana da nata sharrin, domin jini yana yin kauri, ga ƙishirwa da ba a iya kashewa sai an narka ƙanƙara a kan ɗan murhu, jini mai kauri kuwa ba ya isa ƙananan jijiyoyin yatsu, kuma yana saurin daskarewa ya zama gudaji. Idan sanyi ya tsananta, jiki da kansa yana janye jini daga hannu da ƙafa don ya tsare zuciya da ƙwaƙwalwa, naman yatsu ya daskare ya mutu. Takalmin da ya matse ƙafa, irin wanda aka ce Mahdi ya sa, yana ƙara toshe ɗan jinin da ya rage. Ban da wannan, ruwa yana iya taruwa a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya fara sambatu, ya cire safar hannunsa, ya nufi bakin rami yana ganin hanya ce. Daga mita 8,000 zuwa sama jiki ba ya sabawa ko kaɗan, ƙarewa kawai yake yi, ko mutum yana kwance.

Game da ɗauko wanda ya faɗi, akwai abin da ya faru a 1953 da ya kamata a sani. Wani matashi Ba'amurke, Art Gilkey, jini ya daskare masa a ƙafa a wajen mita 7,800, guguwa kuma ta tsare su kwana da kwanaki. Abokansa, ƙarƙashin Charles Houston wanda shi kansa likita ne, suka haƙura da ƙololuwa, suka naɗe shi a tanti suna zura shi da igiya. A wani gangare mutum ɗaya ya zame, igiyoyi suka sarƙe, ya ja sauran, sai Pete Schoening shi kaɗai ya riƙe su duka da gatarin da ya soke a bayan wani dutse. Suka ɗaure Gilkey a gefe don su kafa tanti, da suka dawo ba su same shi ba. Wato ƙwararru kusan bakwai sun sa ransu a kan mutum ɗaya, saura ƙiris su hallaka gaba ɗaya, kuma duk da haka ba su kai shi ƙasa ba. Tarin duwatsun da suka yi don tunawa da shi yana nan kusa da sansanin gindi, kuma a kansa ake liƙa farantan ƙarfe da aka buga sunayen waɗanda dutsen ya ci.

Dalilin da ya sa ya fi Everest kuwa, K2 a tsaye yake ta kowane ɓangare, babu wurin da mutum zai yi tafiya a miƙe ya huta, kuma ya fi Everest kusa da arewa, saboda haka sanyinsa da guguwarsa sun fi tsanani. A 1986 mutum 13 suka mutu a kansa, biyar daga cikinsu a guguwa guda da ta tsare su a tantunansu a watan Agusta. A shekarar ce kuma Wanda Rutkiewicz 'yar Poland ta zama mace ta farko da ta kai ƙololuwar.

Ɗan Agadas ya amsa:

Gaisuwa ga dattawan zaure. Hajiya ta yi bayanin jiki, ni kuma ina so in ɗan saɓa wa Malam Bakano, cikin girmamawa, a kan cewa har yanzu sunan ɗan ƙasa ba ya shiga tarihi. A ganina wannan ɓangaren ya canza, wani ɓangaren ne bai canza ba.

A 1977, hawa na biyu da aka yi nasara, Ashraf Aman ɗan Hunza ya kai ƙololuwa tare da 'yan Japan, ya zama ɗan Pakistan na farko. Babban abin kuwa shi ne na hunturu. Cikin duwatsu 14 masu wuce mita 8,000, K2 ne kaɗai ya rage da ba a taɓa hawa a lokacin sanyi ba, 'yan Poland da 'yan Rasha sun gwada sun kasa, sai ranar 16 ga Janairu, 2021 'yan Nepal goma, cikinsu da Nirmal Purja da Mingma Gyalje Sherpa, suka kai. Da suka rage 'yan taku kaɗan, na gaba suka tsaya suka jira na baya, suka taka ƙololuwar tare suna rera taken ƙasarsu, don kada a ce wane ne ya riga wane. Duk wanda ya karanta abin da Malam Bakano ya rubuta a kan tantin da aka ɓoye zai gane nauyin wannan jira. Makonni uku bayan haka Muhammad Ali Sadpara, wanda ya fara da dako har ya zama cikin mutum ukun da suka fara hawan Nanga Parbat a hunturu a 2016, ya ɓace a K2 tare da John Snorri ɗan Iceland da Juan Pablo Mohr ɗan Chile. Pakistan gaba ɗaya ta yi makokinsa, kuma ɗansa Sajid yana cikin waɗanda suka koma a watan Yuli lokacin da aka gano gawarwakin. A 2022 Samina Baig, ita ma daga yankin Hunza, ta zama mace ta farko 'yar Pakistan da ta hau.

Abin da bai canza ba shi ne takalmin. Wurin da bidiyon 2023 ya nuna yana kusa da wani matsattsen kwari da masu hawa suke kira Wuyan Kwalba, a wajen mita 8,200, inda dole mutum ya bi a layi ɗaya, ga wani ƙaton bangon ƙanƙara yana rataye a kansa. A nan ne a farkon Agusta 2008 ɓangaren bangon ya ɓalle ya tsinke igiyoyin da aka kafa, mutum 11 suka mutu cikin kwana biyu, har da 'yan Pakistan biyu, Jehan Baig da Meherban Karim, da 'yan Nepal biyu. Yanzu kamfanoni suna kai masu kuɗi da yawa, har an samu rana guda a Yulin 2022 da mutum fiye da 100 suka kai sama. Ranar 27 ga Yuli, 2023 Muhammad Hassan, ɗan dako mai shekara 27 kuma uban 'ya'ya uku, ya zame a wannan wuri cikin dare, kuma a nan ya rasu. A ranar ce Kristin Harila 'yar Norway da Tenjen Lama Sherpa suka kammala hawan duwatsu 14 ɗin cikin kwana 92, kuma a kanta mafi yawan zargin tsallake shi ba tare da taimako ba ya faɗa. Ta musanta, ta ce mutanenta sun jawo shi sama zuwa kan hanya, kuma mai ɗaukar mata hoto ya daɗe tare da shi yana ba shi iska.

Bayan na karanta abin da Hajiya ta kawo na 1953, ba zan iya rantsuwa cewa da an tsaya da an sauko da shi da rai ba. Amma tambayar da ta fi damuna tana can baya da wannan dare: wa ya tura mutumin da bai saba da wannan tsawo ba zuwa mita 8,200, ba tare da cikakkiyar rigar sanyi irin ta waɗanda yake yi wa hidima ba? Gwamnatin yankin Gilgit-Baltistan ta kafa kwamitin bincike a kan mutuwar, kuma rashin kayan da suka dace yana cikin abin da aka yi magana a kai. Gawarsa ta shekara a wurin, masu hawa suna wucewa ta gefenta, sai a lokacin hawa na 2024 wata tawagar 'yan Pakistan, wadda Naila Kiani ta jagoranci shirya ta, ta sauko da ita, aka kai shi ƙauyensu aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, shi da Amir Mahdi da Ali Sadpara.